Kalar da Ba Ta Iso Ba

Duk wanda ya taɓa koyon tuƙi a makarantar da ke bayan gidan mai, ko da bai gama ba, ya san labarin ranar da mota ta shiga ofishin Mai Kala. Ba da gudu ta shiga ba, kada a yi mata sharri. A hankali ta taho kamar baƙuwa mai kunya, ta hau 'yar matattakalar bakin ƙofa, ta ture ƙofar mai murfi biyu, ta ɓalle ɗaya ta take shi, ta ci gaba har hancinta ya taɓa teburi, sannan ta yi tari ta mutu. Mai ofishin yana tsaye a bayan teburin, kofin shayi a hannu ɗaya, jan fayil a ɗaya, bakinsa a rufe gam. Da ƙura ta lafa sai ya juya ya dubi Hajiya, mai makarantar, wadda a ranar ita ce zaune a kujerarsa, ya ce, "Hajiya, an ba ni izinin magana?"

Taubashina ne, saboda haka ina da lasisin ba da labarinsa. Shi kuwa ba shi da lasisin komai. Mutumin da gashinsa ya yi fari a makarantar tuƙi bai taɓa kama sitiyari ba. Keke yake hawa, tsohon baƙin keke mai ƙararrawa, kuma ko a kansa in ya zo mararraba sauka yake yi ya tura. In aka tambaye shi dalili sai ya ce shi ya ga abin da ya gani.

Aikinsa na teburi ne. Ya karɓi sabon ɗalibi, ya rubuta shi, ya ba shi rana da lokaci, ya haɗa shi da malami da mota. Motocin ba su da yawa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Galibinsu birki biyu gare su, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a ƙafar malami. Sai wata 'yar farar mota mai birki ɗaya tal, wadda ake ba waɗanda hannunsu ya faɗa, ana gab da kai su gwaji. Malaman ma haka suke. Akwai wanda ko ƙafa ka taka masa shi zai ce maka sannu, ana kiransa Sannu-Sannu. Akwai kuma Dogo, wanda muryarsa ke fitowa ta tagar mota ta ƙetare katanga, har masu jiran layin mai su taka birki ba su san dalili ba.

Kafin ya zo nan, a shagon fenti ya yi samartakarsa, kuma a can ya kwaso cutar. Ni da ku mun san ja ɗaya ne. Shi ya san jan barkono, jan bulo, jan da ya sha rana, da jan da ya fara tuba. A gidansa kowane makulli da kalar zarensa, kowane kofi da mai shi, kuma baƙo ba ya tashi sai an nuna masa nasa. Matarsa takan ce sa'ar da ta yi ita ce ba a shafa wa mutane fenti, da tuni unguwa ta san kalarta.

Yana da wani halin kuma, wanda ba a shagon fenti ya samo shi ba, da shi aka haife shi. Ba ya iya faɗa wa mutum magana mai ɗaci, ba ya kuma iya rubuta ta. Kalmar a'a in ta taso masa sai ta maƙale a wuya ta fito a matsayin "bari mu gani." Saboda haka lokacin da Hajiya ta kawo kwamfuta ofis, aka koya masa jadawalin nan mai gidaje-gidaje, suna a nan, lambar waya a can, darasi nawa aka yi a gaba, sai ya rasa inda zai sa abin da ya fi muhimmanci. Ta yaya mutum zai rubuta a gaban sunan uban wani cewa wannan bawan Allah bai san birki daga totur ba? Ranar da ya gano ana iya zuba wa kowane gida kala, bai ci abincin rana ba.

Kore na wanda ya iya ne, a ba shi farar mota. Ruwan ɗorawa na mai saurin hawaye, kada a haɗa shi da Dogo. Shuɗi na wanda ya daɗe yana tuƙi a ɓoye, takarda kawai yake nema, kuma zai koya wa malami aikinsa. Akwai ruwan hoda na mata da miji, ko wa da ƙani, waɗanda ba a sa su a mota ɗaya in ana son motar ta dawo da ƙofofinta. Ja kuwa hawa-hawa ne, daga mai haske, wato mai mantuwa da madubi, har zuwa mai duhu, wanda in ya tayar da mota mai gadi kan shigar da kujerarsa ciki.

Ma'anar nan ba ta rubuce a ko'ina. Ba ɓoye ta yake yi ba. Duk wanda ya tambaya zai zaunar da shi ya yi masa bayani har mutum ya yi nadamar tambaya. Amma ba wanda ya taɓa riƙewa, don haka ba wanda ya taɓa iya zama a kujerarsa, don haka bai taɓa zuwa hutu ba. Ko da zazzaɓi ya kwantar da shi wata shekara, waya aka kara masa a kunne yana rawar sanyi yana raba motoci.

Ana nan sai babbar 'yarsa, wadda aure ya kai wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa, ta haifi ɗa namiji. Jikan fari. Hotuna suka fara shigowa waya, yau yana barci, gobe yana hamma, jibi ya damƙe yatsan wani. Mai Kala ya riƙa nuna wa kowa, har ɗaliban da suka zo tambayar lokaci. Yana ce masa abokina. Matarsa kuwa ta ƙi kallon hotunan bayan makon farko.

"Ni ba zan san angona ta gilashi ba," in ji ta. "Na kama kujera biyu a jirgin Asabar. In ka zo, ka zo. In ba ka zo ba jakata za ta zauna a taka, ita dama ba ta da surutu."

"Bari mu gani," in ji shi.

"Na gama gani, Malam. Saura kai."

Ya je wurin Hajiya da hularsa a hannu. Hajiya mace ce mai son abu sabo. Akwai wata manhaja a wayarta da take rubuta komai a ciki, tsarin aiki, ranar ganin likita, abin da za ta faɗa wa makanike in ta kama shi. A cikin manhajar akwai rumbun bayanai, inda ake iya juye jadawali gaba ɗaya, kowane layi ya zama kati, kowa ya buɗe daga inda yake.

"Ka kwashe kayanka ka zuba a ciki," ta ce. "Ran Alhamis ni zan zauna a kujerarka in raba motoci, kai kana gefe. Idan na kai azahar ba ka ce uffan ba, ka tafi ka ga abokinka. Idan ka buɗe baki, ka ga ke nan ba a iya yi sai da kai."

"Ko kalma ɗaya, Hajiya?"

"Ko rabinta."

Ran Laraba ya zauna yin ƙaura. Manhajar ba ta karɓar jadawali da kwalliyarsa, sai an mai da shi wani irin fayil na rubutu zalla. Da ya zo yin haka, kwamfuta ta fito masa da gargaɗi cewa wasu abubuwa za su ɓace, ko yana so ya ci gaba? Ta ba shi zaɓi biyu, e ko a'a. Mutumin da bai taɓa ce wa mai rai a'a ba, ba a kan na'ura zai fara ba. Ya danna e.

Da yamma na biya in ɗebe masa kewa, na same shi yana rawa a zaune. Kujerar mai taya ce, yana tura ta daga bango zuwa teburi yana dawowa.

"Taubashi, zo ka ga ikon Allah. Ka ga mutanena? Ba wanda ya faɗi a hanya." Ya danna wani wuri, sunayen suka watse suka zama katuna. Ya sake dannawa suka jeru a kalanda, kowa a ranarsa. Ya sake, suka koma layi. "Ka gani? Zauna, tashi. Zauna, tashi. Ko sojoji albarka."

Ya kira Dogo ya nuna masa, ya kira mai gadi, ya kira wata mata da ta shigo tambayar hanya. Ya sa aka kawo lemo. Ni kuwa ina kallon allon, wani abu yana damuna, sai can na gane mene ne. Fari ne fat, kamar zanen gadon asibiti.

"Malam, ina kalar?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai taɓa riƙe buroshi ba.

"Tana tafe. Duk aikin kirki da farin shafe ake farawa, sai ya sha iska sannan a hau da kala. Rubutu ba shi da nauyi, shi ya sa ya riga isowa. Ita kuwa ka san fenti, ga sabis ɗin yau ba ƙarfi. Kafin safe ta sauka."

Maganar ta shige ni, ban ɓoye muku ba. Yadda ya faɗe ta, ko mai ƙera kwamfutar zai yi shakka.

Daga nan ya yi abin da ya rage. Ya ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma ya san halinsa, in tsohon jadawalin yana nan zai riƙa leƙa shi ta ƙasan ido. Ya goge shi. Sannan, da yake mutum ne mai tsafta wanda ba ya barin shara ta kwana, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya zubar da shi ma.

Ran Alhamis ya riga mai shara zuwa. Ya kunna, fari. Ya kashe ya sake kunnawa, fari. Ya fita ya dubi sama ko hadari ne ya tare sabis, sama tas. Yana dawowa ya tarar Hajiya ta zauna a kujerarsa tana gyara tabarau. Ya buɗe baki, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"An fara."

A nan ya kamata ya yi magana, kowa ya yarda da wannan, shi ma ya yarda. Amma wayarsa tana aljihun gaba, kuma da asuba aka turo sabon hoto, abokin nasa ya yi wani abu da baki mai kama da murmushi. Ya mai da bakinsa ya rufe. Ya ja kujerar baƙi ya zauna, ya haɗa shayi.

Ɗalibi na farko da na biyu da na uku sa'a ta raba su lafiya. Hajiya ta fara waƙa a ƙasan maƙoshi. Sai ga Ungozoma ta shigo.

Ungozoma ta yi ritaya daga asibiti bayan ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke tuƙi a titin. Ta sayi mota ta lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, ta rantse ba direban da zai taɓa mata ita. Mace ce mai ƙiba da fara'a da wata jaka wadda za a iya kwantar da jariri a ciki. A tsohon jadawali ita ce ja mafi duhu, har sai da Mai Kala ya haɗa mata kalar da kansa. Laifinta biyu ne kacal. Duk inda idonta ya kalla, can motar ke bi. Sannan in ta ji ihu ba ta tsayawa, ƙara gaba take yi, domin a aikinta duk inda ake ihu can ake nemanta.

Hajiya ta buɗe katinta ta ga yawan darussan da ta yi, sun fi na kowa nesa ba kusa ba.

"Kai, Inna, ai ke kin gama. Me ake jira da ke? Dogo, ɗauki farar mota ku zaga."

Mai Kala ya yi tari.

"Tari ma magana ce," in ji Hajiya, ba ta ko ɗago ba.

Ya ɗauki jan biro ya ajiye a gabanta. Ta ce ba ta rubutu da ja. Ya turo jan abin manna takarda. Ta ture shi gefe. Ya tashi ya je ya tsaya kusa da tukunyar kashe gobara yana shafa ta yana kallon Hajiya kamar mai tallar rago. Ta ce in wurin zama ne ya ishe shi ya fita ya sha iska.

Ya fita, amma da jan fayil. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana kaɗawa, ko Dogo zai gani ya tuna wa ke gefensa. Dogo bai gani ba, kansa yana ƙasa yana yi wa ƙafafun Ungozoma tsawa a kan kuloci. Ita ce ta gani. Ta ga mutum a bakin ƙofa yana kaɗa abu ido a waje, ga ihu a kunnenta. Shekarun aiki suka motsa. Ta kafa masa ido, motar ta bi.

Dogo ya ɗago ya taka birkinsa, ya tarar da tabarmar roba. Ya kai hannu birkin hannu, ya tarar da jakar Ungozoma zaune a kai. Mai Kala ya fara ja da baya, yana ci gaba da kaɗa fayil, motar tana biye da shi kamar akuyar da ta ga dusa. Ya hau matattakala, ta hau. Ya shiga ofis, ta shiga. Ya zagaya bayan teburi ya ɗauke kofin shayinsa don kada ya zube a kan kwamfuta, ita kuma ta iso ta tsaya.

Bayan ya nemi izinin magana, Ungozoma ta sauke gilashi ta leƙo.

"Wa ke naƙuda?"

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Hajiya ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce, "Yi magana, Malam." Ya yi. Ya yi bayanin jan Ungozoma, da farin shafe, da nauyin fenti, da sabis. Hajiya ta saurare shi har ƙarshe, ta duba wayarta ta karanta wani abu, sannan ta kifa kanta a kan teburi, kafaɗunta suna rawa. Sai da ta ɗago aka tabbatar dariya ce.

"Malam, kala ba ta tafe. Ba ta ma taso ba. Irin wannan fayil ɗin rubutu kawai yake ɗauka. Buɗe tsohon mu gani."

Ya dubi silin. Ta ce to kwandon shara fa. Ya ci gaba da duban silin.

Dariyar ta tsaya. Hajiya ta ce gaskiya ya cika alkawari, bakinsa bai buɗe ba sai da bango ya buɗe. Amma ba za ta zauna da farin allo da yadi cike da mutanen da ba ta san wanne zai shigo mata ta taga ba. In zuwa gobe allon nan ya iya gaya mata wane ne wane, tafiya tana nan. In bai iya ba, jaka ta samu kujera.

Ya zauna ya dubi sunayen, sai ya ga baƙi. Ashe shi ba da suna ya san su ba. Ya san jan da ke ƙarƙashin shuɗi biyu, ya san koren da ke can ƙasa shi kaɗai. Da aka tuɓe musu riga sai suka zama taron kasuwa.

A haka matarsa ta same shi da ta kawo abincin rana. Ta tsallake murfin ƙofa, ta raɓa ta gefen mota, ta dubi fitilarta, ta dubi mijinta.

"Sannu, Malam. Ka fara tuƙin ne, ko ita ce ta gaji da jiranka ta biyo ka?"

Motar ba ta fitu ba sai yamma, domin murfin ƙofar ya maƙale a ƙarƙashinta, don haka a kan bonet aka shimfiɗa abincin. Ungozoma ta ƙi tafiya gida. Da ta ji abin da ake ciki, jikan fari da jirgin Asabar, sai ta naɗe hannun riga.

"Jariri ba ya jiran kwamfuta. Kafin ka je ya fara rarrafe ya ɗauke ka mai gyaran famfo. Mu fara da ni. Wace kala ce ni?"

Mai Kala ya sunkuyar da kai.

"Ja ce, ko?"

"Ja... mai kyau, Inna. Irin wanda ba ya kwashewa."

"Ɗana, na gaya wa manyan mutane maganar da ta fi wannan suna kwance. Rubuta: kada a ba ta farar mota, kada a haɗa ta da mai ihu, kada kowa ya tsaya inda za ta gan shi."

Hannunsa ya ƙi. Ya ɗora yatsu a kan madannai ya ɗauke, ya ce ko za a ce mai bin ido? Ta ce wannan sunan turare ne. Aka yi ta ja-in-ja har Hajiya ta raba gardama, ta buɗe sababbin gurabe biyu a kowane kati. Ɗaya na hali, Mai Kala ya sa kalamansa masu laushi. Ɗaya na mota da malami, Ungozoma ta yi shifta ba sakaye.

Saura a san wane ne wane. Aka fara da tambayar ɗaliban da suka zo darasin yamma, kowannensu ya ce shi kore ne. Wani dattijo ma ya ce shi kore shar. Aka bar wannan hanya. Aka kira malamai, sai ga shi su ba da kala suka san mutane ba, ba kuma da suna ba, da jiki suka san su. Ana karanta suna sai Dogo ya kama wuya. "Wannan shi ne nan. Birki kamar an ƙwace masa abu." A karanta wani, Sannu-Sannu ya shafa gwiwa ya ce baiwar Allah ce, sai dai ba ta yarda akwai hagu ba. Wani sunan kuwa duka biyun suka dubi juna, Ungozoma ta ce a rubuta masa irin nata.

Da jikin malamai ya fara magana, sai kan Mai Kala ya buɗe. "Tsaya, wannan mai hular ne? Ruwan ɗorawa ne, amma yana karkata zuwa kore." Ya riƙa ƙirƙiro laƙabi yana dariya shi kaɗai. Mai tunani a mararraba. Mai zumunci da katanga. Mai gaisawa da kowa da hon. Malamin malamai. Dattijon nan kore shar ya leƙo ya ga an sa masa mai sauri da niyyar alheri, ya ce a bar shi haka, ya fi abin da matarsa ke kiransa.

Can wajen la'asar ya danna wani laƙabi bisa kuskure, sai wani ɗan akwati ya buɗe. A ciki ga kaloli a jere, a zaɓa wa kowane laƙabi tasa. Matarsa ta ce ta ga idonsa ya kawo ruwa, shi ya ce ƙurar ƙofa ce. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ja ɗaya gare su."

Da shi ya yi amfani, ba yadda ya iya.

Ran Juma'a da safe aka sake jarrabawa. Wani kafinta yana bakin ƙofa yana buga ƙusa, Hajiya tana kujera, Mai Kala yana gefe, matarsa kuma tana gefensa riƙe da hannun rigarsa, ta kwashe duk wani jan abu da ke ofis ta zuba a jakarta, ban da tukunyar gobara da ta fi ƙarfinta. Hajiya ta riƙa buɗe kati tana karantawa tana aikawa. Da Ungozoma ta zo, ta ba ta Sannu-Sannu da mota mai birki biyu, ta kuma sa aka sauke labulen taga. Sau ɗaya kawai leɓensa ya motsa, lokacin da ta haɗa wani shuɗi da Dogo, matarsa ta taka masa ƙafa. Aka dawo lafiya, Dogo ne ma ya fito yana neman ruwa. Rana ta take tsaka bai ce uffan ba. Hajiya ta rufe kwamfutar ta ce ya tashi ya ba ta wuri kafin ta sake tunani.

Sun shiga jirgin Asabar, jaka ta koma sama inda ake ajiye kaya. Jirgi bai gama barin gari ba ya tuna manhajar tana wayarsa, ya buɗe yana leƙen wa aka ba farar mota. Matarsa ta miƙa hannu, ya ce bari mu gani, ta karɓe, ba ta mayar masa ba sai a hanyar dawowa. Hoton da aka turo mana daga can da wayar 'yar aka ɗauka. Yana zaune a bakin gado, yaron a hannunsa, suna kallon juna da gaske kamar masu ciniki. 'Yar ta ce ya daɗe a haka kafin ya yanke hukunci cewa abokin nasa kore ne, sai dai in yunwa ta zo yana ɗan karkata zuwa jan barkono.

Yanzu yana zuwa hutu duk shekara kamar sauran mutane, Hajiya ma ta fara ƙorafin ya fi son tafiya da zama. Ungozoma ta samu lasisi, kuma in ta fito da motarta maƙwabta sun san ba a ɗaga mata hannu. Amma labarin bai bar shi ba. In ya shiga shagon aski sai wani ya ce a matsa da kujera, ga mai kiran mota ya zo. Kwanan baya muna zaune a ƙofar gidansa da yamma, na tambaye shi ko kalar nan ta iso, ko har yanzu sabis ne, na kuma ce a duk ƙasar nan shi kaɗai ne ya koya wa mota shiga ofis ba tare da ya iya tuƙi ba. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali.

"Yi dariyarka, taubashi. Shekara nawa ina neman ƙofar fita daga ofishin nan ban samu ba? Baiwar Allah ta zo ta faɗaɗa min ita."